Kuskuren da ake yi tun kafin jini ya isa ɗakin gwaji

Ɗalibar Gwaji:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin gwaje-gwajen asibiti, kuma wata na biyu ke nan da aka tura mu wani asibiti domin mu ga aikin da idonmu, mu kuma taɓa shi da hannunmu. Shekaranjiya da safe aka haɗa ni da wata dattijuwa mai hawan jini, wadda shekarunta za su kai 70, aka ce in ɗebi jininta domin gwajin ƙoda da ƙidayar ƙwayoyin jini. Jijiyoyinta sirara ne ƙwarai. Na ɗaure damtsenta da safar hannu kamar yadda na ga ana yi, na ce ta riƙa dunƙule hannu tana saki, na ɗan bubbuga wurin, na soka a lanƙwasar gwiwar hannu amma ban samu ba. Ban kwance ɗaurin ba, sai na koma bayan hannu da allura mafi siranta. Jinin ya riƙa zuwa da ƙyar, na ja sirinjin da ƙarfi har na samu mililita 5, sannan na tura shi ta cikin allurar zuwa kwalba mai murfin shunayya, ragowar kuma na zuba a mai jan murfi.

Da sakamako ya fito, fotasiyam ɗinta, wato wani sinadari na jini da ake aunawa a gwajin ƙoda, ya haura 7. Hankalin likita ya tashi, aka yi mata awon zuciya aka ga babu komai, sannan wata babbar ma'aikaciya ta sake ɗibar jinin a ɗaya hannun, ya fito 4.2. Abin da aka ce mini kawai shi ne jinin farko ya fashe. Ban runtsa sosai ba a daren nan, domin na san da an yi wa baiwar Allah magani a kan lambar farko, da akwai hannuna a ciki. Ina roƙon ku nuna mini wuraren da na kauce.

Dattijon Lab:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika kawo maganar fili ba ki ɓoye ba. Na kusa shekara talatin a wannan aiki, kuma abin da ya fi zama mini a rai shi ne yawancin sakamakon da ke fitowa ba daidai ba, ba inji ne ya ɓata su ba, an ɓata su ne tun a gefen gadon mara lafiya.

Ki fara da sanin inda fotasiyam yake zaune. Kusan kashi 98 cikin ɗari nasa a cikin ƙwayoyin jiki yake, ɗan abin da ke yawo a ruwan jini kaɗan ne, tsakanin 3.5 zuwa 5.0 ga mai lafiya. A cikin jajayen ƙwayoyin jini kuwa ya ninka na ruwan jinin fiye da sau 20. Saboda haka da zarar ƙwayoyin nan sun farfashe, abin da ke cikinsu ya tsiyaye cikin ruwan, inji zai auna abin da ya tarar a kwalba, ba abin da ke jikin dattijuwar ba. Siririyar allura, da jan sirinji da ƙarfi, da tura jini ta bakin allura zuwa kwalba, duka ukun suna fasa ƙwayoyin, ke kuma kin haɗa su a lokaci guda.

Ba a nan kaɗai matsalar take ba. Dunƙule hannu ana saki yana sa tsokar hannun ta fitar da nata fotasiyam ɗin cikin jinin da ɗauri ya tsare a wurin. A dunƙule sau ɗaya a riƙe, ya wadatar. Sai daɗewar ɗauri: an fi so kada ya wuce minti ɗaya, kuma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 kan ɗibar jini ta ce a kwance shi kafin ya cika minti biyu. Abu na ƙarshe shi ne kwalbar shunayya, domin maganin hana daskarewa da ke cikinta, wato EDTA, haɗe yake da fotasiyam, kuma idan bakin allura ko na sirinji ya taɓa shi sannan aka kai shi wata kwalbar, ɗan abin da ya ɗauko ya isa ya ɗaga lambar. Ina da tambaya biyu. Wane launi ruwan jinin ya yi bayan an juya shi a inji? An kuma auna kalsiyam?

Ɗalibar Gwaji:
Na gode, Baba. Ruwan ya fito jaja-jaja kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa, maimakon launin rawaya da aka saba gani. Ba a nemi kalsiyam ba. Ɗaurin kuwa, idan na ƙiyasta, ya haura minti uku a hannunta.

Dattijon Lab:
To, launin nan ya gama ba da shaida, fashewar ƙwayoyi ce babbar sila. Na tambayi kalsiyam ne domin EDTA yana kama shi, don haka idan kika ga fotasiyam ya yi sama sosai, kalsiyam kuma ya faɗi ƙasa warwas, alhali ruwan jinin garau yake, to ki zargi gurɓata daga kwalbar shunayya. Amma laifin bai tsaya a kanki ba. Wanda ya ga ruwan jini ja ya kuma fitar da sakamako bai rubuta cewa samfurin ya lalace ba, shi ma yana da nasa kason.

Likitan Ƙoda:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan faɗi yadda abin yake daga ɓangaren wanda takardar ke zuwa hannunsa. Fotasiyam da ya kai 7 lamari ne na gaggawa, domin yana iya tsayar da zuciya. Abin da muke yi shi ne mu ba da kalsiyam ta jijiya don kare zuciya, mu haɗa insulin da gulukos don mayar da fotasiyam cikin ƙwayoyi. Idan aka yi wa mutumin da nasa yake 4.2 wannan magani, ana iya jefa shi cikin faɗuwar suga da ƙarancin fotasiyam, kuma ga tsohuwa 'yar shekara 70 wannan ba ƙaramin hatsari ba ne. Sai dai ɗaya gefen ya fi ba ni tsoro. A wurin da samfura ke yawan fashewa, likitoci kan saba da cewa ai fashewa ce, har ranar da za a kawo mai ciwon ƙoda wanda nasa hauhawar ta gaske ce, a yi sakaci da shi. Duk lokacin da aka ɗebi jini da garaje, ana rage wa sakamakon gobe daraja.

Akwai kuma roƙon da nake yi wa duk mai riƙe allura. Mai ciwon ƙoda da ake sa ran zai kai ga wankin ƙoda, jijiyoyin hannunsa dukiya ce, domin da su za a haɗa masa hanyar da injin wanki zai riƙa jan jini, wadda muke kira fistula. Kowace suka tana barin tabo a jijiya. Ga irin wannan mara lafiya, a nemi bayan hannu, a bar na gwiwa da na damtse. Hannun da aka riga aka yi wa fistula kuwa, ba a ɗaure shi, ba a soka shi, ba a ko awon hawan jini a kansa.

Sista Mai Ɗakin Yara:
Baba Dattijo, da girmamawa, ina jin tsoron kada ɗalibai su karanta bayaninka su ɗauka sirinji ne abokin gaba. A ɗakin da nake aiki, kwalaben da ke zuƙar jini da kansu ba kullum ake samunsu ba, kuma ko an same su, ƙarfin zuƙarsu yana sa siririyar jijiyar yaro ko ta tsoho ta manne, jini ya tsaya cak. Da sirinji kuwa hannuna ne ke da iko, ina ja a hankali daidai da yadda jijiyar ke bayarwa. Wanda ya iya sirinji zai kawo maka jinin da bai fashe ba. Kuskuren ƙanwarmu ba sirinjin ba ne, ƙarfin da ta sa ne, da kuma tura jinin ta allura.

Ƙanwata, idan kwalbar mai buɗaɗɗen murfi ce, a cire allurar da kulawa, a karkata kwalbar, a bar jinin ya gangara ta jikinta sannu a hankali, kada ya yi kumfa. Idan mai murfin roba ce da ke zuƙa da kanta, a tsayar da ita a mazauninta a kan tebur, ba a cikin tafin hannu ba, a huda murfin da hannu ɗaya, a bar ta ta ja abinta ba tare da an danna sirinjin ba. Bayan haka a juya kwalbar sama da ƙasa a natse, ta shunayya kamar sau 8 zuwa 10. Girgiza ta kamar ana kaɗa nono shi ma yana fasa ƙwayoyi.

Dattijon Lab:
Sista, ban musa miki ba, kuma ni kaina da sirinji na koyi aikin. Amma ba zan ɓoye ra'ayina ba: inda aka samu hali, kwalba mai zuƙa ta fi. Tun ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Becton Dickinson na Amurka ya fara sayar da irin ta mai suna Vacutainer, kuma dalilin karɓuwarta shi ne jini yana tafiya daga jijiya zuwa kwalba kai tsaye, babu juye-juye, babu damar da allura za ta soki ma'aikaci wajen zubawa, kuma tana ɗaukar daidai adadin da aka auna mata. Ga siraran jijiyoyi akwai allura mai fukafukai, lamba 23, wadda ke tafiya da ita. Ga babba mai lafiyayyar jijiya lamba 21 ce ta dace, mai koren gindi. Ɗalibai su riƙe cewa duk yadda lambar ta ƙaru, allurar ƙara siranta take yi, kuma lamba 25 ta yi ƙanƙanta ga ɗibar jini.

Tun da an taɓo kwalabe, bari in faɗi jerinsu, domin wannan jeri ne zai hana maganin wata kwalba shiga wata. Ana fara cika kwalbar neman ƙwayoyin cuta a jini, sai mai murfi shuɗi ta gwajin daskarewar jini, sai mai ja ko rawaya ta ruwan jini, sai koriya mai hefarin, wani maganin hana daskarewa, sai ta shunayya, a ƙarshe mai ruwan toka ta gwajin suga. Shuɗiyar tana da nata sharaɗi: kashi 9 na jini ne ke haɗuwa da kashi 1 na maganin da ke cikinta, saboda haka idan ba a cika ta zuwa layin ba, sakamakon zai nuna jinin mutum yana jinkirin daskarewa alhali ƙalau yake.

Majo daga Maraɗi:
Ina gaida ku duka daga wannan gefen iyaka. Ina so in tsaya kan samun jijiyar kanta, domin duk matsalar ɗiyarmu daga nan ta faro: ba ta samu jijiya ba, hankalinta ya tashi, sauran kurakuran suka biyo baya. Jijiya da yatsa ake nemanta, ba da ido ba. A fatar yawancin mutanenmu ba za ka ga shuɗin layin nan da ake nunawa a hotunan littattafai ba, sai ka sa ɗan ali ka lallatsa, ka ji abu mai laushi da ke lotsawa yana dawowa. Wanda ya ji tauri kamar igiya ba jijiyar jini ba ce, wanda kuma ke bugawa a guje shi, domin shi ne mai ɗauko jini daga zuciya.

A lanƙwasar gwiwar hannu jijiyoyi uku ne. Ta tsakiya ita ce zaɓin farko, domin tana da kauri, ba ta cika zillewa ba, kuma ba ta da zafi sosai. Ta gefen babban yatsa ita ce ta biyu. Ta gefen ciki, wajen jiki, ita ce ta ƙarshe, saboda a kusa da ita jijiyar da ke bugawa da jijiyar ji da motsi suke kwance. Idan ka soka mara lafiya ya ce ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi har yatsu, ka zare allurar nan take, kada ka ce ya daure. Cikin wuyan hannu kuwa ba wurin suka ba ne sam.

Bubbuga hannu ba na goyon bayansa, duk da na san kusan kowa na yi. Abin da ke fito da jijiya shi ne a sauke hannun ƙasa na ɗan lokaci, a ɗora tsumma mai ɗumi na 'yan mintoci, musamman a lokacin hunturu da jijiyoyi ke shigewa, a kuma ba mutum ruwa ya sha idan babu abin da ya hana. A ɗaura ɗaurin kamar faɗin yatsu huɗu ko biyar sama da wurin. Idan neman ya daɗe, a kwance, a huta minti biyu, a sake ɗaurawa. A goge da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a jira ya bushe da kansa, kada a hura masa iska da baki, kada kuma a sake taɓa wurin da yatsa. Sifirit da bai bushe ba yana ƙara raɗaɗi, yana kuma taimakawa wajen fasa ƙwayoyi. A ja fatar ƙasa da babban yatsa don jijiyar ta tsaya, a shiga da allurar a kwance, kada ta ɗaga fiye da digiri 30, ramin bakinta yana kallon sama. Ƙa'idata kuma ita ce suka biyu: idan na gwada sau biyu ban samu ba, sai in kira wani, ko da na girme shi a aiki.

Maman Sadiq:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, uwa ce da ɗanta ke da sikila, don haka ɗibar jini ta zama mana abin yau da gobe. Tambayar da dangi ke yi mini kullum, ni ma wani lokacin takan taɓa zuciyata, ita ce: yaron da ake cewa ba shi da jini, me ya sa ake ta ɗibar ɗan wanda ya rage? Kakarsa ma cewa take yi sayar da shi ake yi. Sannan idan azumi ya zo, mahaifinsa ba ya yarda a ɗebi nasa jinin da rana, wai azuminsa zai karye. Ina son amsar da zan iya kai musu gida.

Sista Mai Ɗakin Yara:
Maman Sadiq, Allah ya ba yaronmu lafiya, ya saka miki da haƙurin da kike yi. Babban mutum yana da jini kusan lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba don gwaji kuwa yawanci mililita 5 ne zuwa 10, wato cokalin shayi ɗaya ko biyu. Mai ba da gudummawar jini ana ɗibar masa mililita 450 a zama ɗaya ya tashi ya tafi gida. Jinin gwaji kuma ba a iya ƙara wa kowa shi: ya yi kaɗan, ya gauraya da magani ko ya daskare, bayan an gama aiki da shi zubarwa ake yi a ƙone. Babu mai sayensa domin babu abin da zai yi da shi.

Amma damuwarki tana da tushe idan ana maganar ƙananan yara. Jariri sabon haihuwa yana da kamar mililita 80 zuwa 85 a kowane kilo na nauyinsa, ke nan mai kilo 3 duk jininsa bai wuce mililita 250 da 'yan kai ba. Ga irinsa, da bakwaini, da yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, kowace ɗiba abin lissafi ce. Shi ya sa muke amfani da ƙananan kwalabe, muke tsaga gefen diddigen jariri maimakon jijiya idan gwajin ya ba da dama, muke kuma roƙon likitoci su haɗa gwaje-gwajensu a ɗiba ɗaya. Haƙƙinki ne ki tambayi wane gwaji za a yi da kuma nawa za a ɗiba.

Zancen kakarsa kuma ba na raina shi. Mutanenmu ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, iyaye da dama suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Wanda ya ji irin wannan labari, idan ya ga ma'aikaci ya kama hannun jikansa ya cika kwalba uku bai ce uffan ba, dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Gaisuwa, da faɗin abin da za a yi, da neman izini, ba sa cin minti ɗaya.

Malamin Islamiyya:
Game da azumi, Hajiya, abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ɗan jinin da ake ɗiba domin gwaji ba ya karya azumi, domin abu ne ke fita, kuma kaɗan ne da ba ya raunana mutum. Inda aka yi saɓani shi ne ƙaho irin na wanzamai: Hambaliyya suna ganin yana karyawa, Malikiyya kuwa suna ganin makaruhi ne ga wanda ake jin tsoron zai galabaita. Ki gaya wa maigidan ya je a duba lafiyarsa da rana ba tare da damuwa ba.

Likitan Ƙoda:
Allah ya saka wa Malam. Ƙarin da zan yi shi ne azumin ibada daban, azumin gwaji daban. Gwajin suga na kafin cin abinci yana buƙatar aƙalla awa 8 babu abinci, amma ana shan ruwa. Wanda ya yi sahur da ƙarfe biyar ya zo asibiti ƙarfe takwas yana cewa yana azumi, awa uku kacal ke nan da cin abincinsa, kuma idan mai ɗibar jini bai tambaye shi yaushe ya ci na ƙarshe ba, za a iya rubuta masa ciwon sugan da ba shi da shi. Haka nan kada a ɗebi jini a hannun da ake ƙarin ruwa, sama da inda ruwan ke shiga, domin abin da za a auna ruwan leda ne gauraye da jini. Matar da aka cire wa nono saboda daji, ita ma a bar hannun wannan gefen.

Ma'ajin Jini:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma babu wanda ya ambaci kuskuren da ni a wurina ya fi kowanne muni. Jinin da ya fashe ana ganinsa da ido a sake ɗiba. Kwalbar da aka rubuta wa sunan wani ba ta da wata alama, tsaf take, inji zai auna ta daidai, sakamakon kuma ya tafi kan wanda ba nasa ba. A ɓangarenmu na ƙarin jini wannan yana nufin a ɗaura wa mai rukunin O ledar rukunin A, kuma mutum na iya rasa ransa kafin ledar ta yi nisa. A ƙasarmu abin ya fi sauƙin faruwa, domin a ɗakin haihuwa guda za ka iya samun mata uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, da yawa kuma ba su riƙe ranar haihuwarsu ba.

Don haka kada a kira suna a jira a ce na'am, domin mai jin jiki ko mai kunya zai amsa kowane suna aka kira. A ce masa ya faɗi cikakken sunansa da bakinsa, a gwada da takardar gwajin, a gwada da lambar katinsa. Lambar gado ba shaida ba ce, ana sauya wa mutane gado dare da rana. Sannan a rubuta suna da lamba da rana da lokaci a jikin kwalbar nan take a gaban mai jinin, kafin a ɗaga ƙafa. Ba a rubutawa tun kafin a ɗiba, ba a kuma tara kwalabe a aljihu a ce sai an koma tebur.

Ɗalibar Gwaji:
Na rubuta duk wannan a littafina. Akwai abu biyu da suka rage mini. Ana koya mana mu ce wa mara lafiya ya lanƙwasa hannu a kan audugar bayan an zare allura, amma na ga wasu suna dawowa da taruwar jini a wurin. Na biyu, a inda nake kwalin zubar da allura yana can ƙarshen ɗaki, don haka kowa yana mayar da murfin allura kafin ya tafi da ita, ni ma haka nake yi.

Majo daga Maraɗi:
Lanƙwasa hannu al'ada ce da ta daɗe, amma ba daidai ba ce, ita ce ma ke buɗe hudar jijiyar jini ya tsiyaya ƙarƙashin fata. A fara kwance ɗauri, sannan a zare allura, sannan a danna busasshiyar auduga, hannun a miƙe, na minti biyu zuwa uku. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin a danna masa minti biyar ko fiye, a duba da ido cewa ya tsaya kafin a sa filasta. Wanda ya ce yana jin jiri ko ya taɓa suma wajen ɗibar jini, a kwantar da shi tun farko, kada a soke shi a tsaye.

Dattijon Lab:
Batun murfi, 'yata, ki daina daga yau. Mayar da murfi da hannu biyu yana cikin manyan hanyoyin da allura ke sokar ma'aikata. Idan allurar da ta shiga jikin mai ƙanjamau ta soke ki, yiwuwar kamuwa kusan 3 ce cikin 1,000. Ta mai ciwon hanta nau'in C kusan 2 ce cikin 100. Ta mai ciwon hanta nau'in B kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, tana iya kaiwa 30 cikin 100, kuma wannan ciwo ya yawaita a cikin al'ummarmu, da yawan masu ɗauke da shi ba su ma sani ba. Kwalin kwali ne, ɗaukarsa ake yi, ki kawo shi inda hannunki zai kai kafin ki fara, kuma idan ya cika kashi uku cikin huɗu a rufe shi a kawo sabo.

Idan tsautsayi ya faɗa, ki wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa mai gudu, kada ki matse shi ko ki tsotsa, ki sanar da shugaban sashe a take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin sa'o'in farko, kada ya wuce awa 72, a sha shi kwana 28. Ina kuma tambayarki: kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B? Allura uku ce, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida.

Sista Mai Ɗakin Yara:
Ina ƙara wa masu aiki a ƙananan asibitocin karkara, waɗanda ke aika samfuri gari a kan babur. Ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sugan da ke cikin kwalba, yana raguwa kamar kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, shi ya sa ake sa na suga a kwalba mai ruwan toka. Jinin da ba a raba shi da ruwansa ba kuma, idan aka sa shi a firji ko aka jingina shi da ƙanƙara, sanyin yana sa fotasiyam ya fito daga ƙwayoyin ko da ba su fashe ba. A juya shi a raba ruwan tukuna idan akwai inji, in babu kuwa a hanzarta kai shi, a kare shi daga rana.

Ɗalibar Gwaji:
Baba, rigakafin allura ɗaya na yi tun shekarar farko ban koma ba, amma yau na je sashen rigakafi, sun ce ba sai na faro daga farko ba, sun yi mini ta biyu sun rubuta mini ranar ta uku. Dattijuwar nan kuma ta dawo da safe domin a sake duba ƙodarta. Na gaishe ta, na gaya mata cewa sake ɗibar da aka yi mata rannan daga wajena matsalar ta fito, na nemi izininta, ta miƙo mini hannu. Na ɗora mata tsumma mai ɗumi, na lalubi ta tsakiyar da yatsa har na ji ta, na shiga da lamba 23 mai fukafukai, na kwance ɗaurin da jinin ya fara zuwa. Ruwan ya fito rawaya garau, fotasiyam 4.0. Kwalin allura yanzu yana ƙarƙashin teburin da muke ɗibar jini. Abin da ban samu ba har yanzu shi ne igiyar ɗauri ta gaskiya, da safar hannu muke ta ɗaurewa, don haka idan akwai wanda ya san irin wadda ake iya gogewa da sifirit tsakanin mara lafiya da mara lafiya, ya taimaka ya faɗa mini sunanta in kai wa shugaban sashenmu.